Inshorar gini ta tsaya a bakin ƙofa: labarin kawuna da filat ɗinsa na Ingila

Wasiƙar gidana ta zo, ba gidan Kawu ba. Wata dokar Ingila ta 1987 ta wajabta wa mai ba da haya ya ba ɗan hayarsa adireshi a cikin Ingila ko Wales inda za a riƙa kai masa takardu, shi kuwa tun da ya yi ritaya ya koma Kano, sai ya rubuta nawa. Shafi uku ce, daga ofishin wasu lauyoyi. Ta ce matar ɗan hayarsa ta karye a idon sawu cikin banɗakin filat ɗinsa wata 14 da suka wuce, suna neman diyya, kuma ya miƙa wasiƙar ga kamfanin inshorarsa ba da ɓata lokaci ba. Kula da gidajen haya ne aikina, na saba ganin irinta. Labarin nasa ne, shi ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunan kowa.

Na kira shi bayan la'asar, muka gaisa, na karanta masa. Ya yi jim, sannan ya ce, "To ɗana, ai da sauƙi. Ina da inshora. Shekara da shekaru ina biyanta cikin kuɗin hidimar gini."

Na ce, "Kawu, wannan ta gini ce. Ina taku, ta mai ba da haya?"

Ya ce, "Wace tawa kuma? Gini ɗaya, inshora biyu?"

Sai an san yadda ake mallakar filat a Ingila kafin a gane inda ya zame. Akasarin filat a can ba a sayar maka da shi har abada. Wa'adi kake saye: shekara 99, ko 125, wani lokaci 999, kusan kamar takardar filin da gwamna ke sa wa hannu a gida. Ƙasar da ginin ke kai, da harsashi, da rufi, da bangon waje, da matakala da farfajiya, duk na mai asalin gini ne, wanda galibi kamfani ne, shi kuma ya ɗauko wani kamfanin ya riƙa kula masa. Masu wa'adi suna biyan kuɗin hidima duk shekara, a share matakala, a gyara rufi, a yi wa ginin inshora gaba ɗayansa. Na Kawu wa'adin shekara 125 ne, hawa na biyu, cikin gini mai filat 12. Ya zauna a ciki da iyalinsa har yara suka girma, da zai koma gida ya sa 'yan haya. Daga ranar ya zama mutum biyu a idon doka: ta sama shi mai wa'adi ne a hannun mai gini, ta ƙasa shi mai gida ne ga ɗan haya. Inshorar da yake biya ta san na farkon. Na biyun ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Abin da ya faru a banɗakin kowane mai gyaran famfo ya san shi. A ƙarƙashin kwamin wanka akwai lanƙwasasshen bututun roba da ruwan wanka ke bi ya fita, tsakaninsa da bakin kwamin akwai wata 'yar roba zagayayya mai hana yoyo. Da shekaru sai ta bushe ta tsage. Ba ambaliya take yi ba, ɗigo ne, cokali biyu ko uku a kowane wanka, kuma a bayan allon da ya rufe gefen kwamin, inda ido ba ya kaiwa. Daɓen irin waɗannan gidaje ba siminti ba ne kamar namu. Falanki ne na garin katako da aka matse da gam, an shimfiɗa shi a kan katakai masu kauri waɗanda mu za mu kira azara, an rufe da leda. Garin katako in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodin da aka tsoma a shayi, ya bushe, ya sake jiƙewa, har ya zamana ba abin da ke riƙe da shi sai ledar sama.

Ɗan hayar ya yi magana sau biyu ta WhatsApp. Na farko ya ce banɗakin yana warin danshi. Na biyu ya turo hoto: ledar ta tashi a gindin kwamin, katakon gindin bango ya yi baƙi, ya kuma rubuta cewa wurin yana lotsawa in an taka. A yi wa Kawu adalci, bai yi biris ba. Ya kira wani mai 'yan gyare-gyare da ya sani tun yana can, aka biya shi hannu da hannu. Mutumin ya zo ya kankare tsohon silikon na bakin kwamin, ya shafa sabo fari tas, ya ɗauki hoto ya tura Kano. Aikin ya yi kyau a hoto. Allon gefen kwamin kuwa sukuru huɗu ne ke riƙe da shi. Da ya kwance su ya haska tocila, ya buɗe famfo ya bar ruwa ya bi ta ramin kwamin, da ya ga ɗigon da idonsa cikin minti ɗaya, kuma robar da za a canza kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Bai kwance ba. Wata biyar bayan haka matar ta fito daga wanka, ta ɗora ƙafar dama a wurin, falankin ya burma, ƙafar ta shige tsakanin azara biyu, jikinta ya tafi gefe guda. Sai da aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Aikinta kula da tsofaffi ne, a tsaye take wuni.

Da lauyan da muka ɗauka ya ga saƙonnin nan biyu, bai ɓoye mana ba. Sashe na 11 na Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida, a duk hayar da ba ta kai shekara bakwai ba, gyaran gangar jikin gida da bututun ruwa, iskar gas, wayar lantarki, kayan banɗaki da na ɗumama gida. Ba a iya cire wannan daga yarjejeniyar haya; ko an rubuta an cire, rubutun banza ne. Kariyar da mai gida ke da ita a nan ɗaya ce: in lahanin a cikin filat yake, alhakinsa ba ya farawa sai an sanar da shi, sannan a ba shi lokacin da hankali zai ɗauka ya gyara. Kawu an sanar da shi, da hoto, da kwanan wata, da shuɗin layi biyu masu nuna ya karanta. Mutane suna raina saƙon waya, alhali a kotu shaida ce mai ƙarfi, domin da wuya ka ce bai iso ba. Haka in ejan mai kula da gida ka ɗauka aka faɗa wa ejan, an faɗa maka kenan, ko da bai isar ba.

Kawu ya kawo hujjar da kowa zai kawo: matar ba ta cikin takardar haya, mijinta kaɗai ya sa hannu. A nan wata dokar ta shigo, sashe na 4 na Dokar Gidaje Masu Lahani ta 1972. Ita ba ruwanta da wanda ya sa hannu. Ta ce mai gidan da gyara ke wuyansa, ko yake da ikon shiga ya gyara, dole ya kiyaye duk wanda lahanin zai iya shafa: mata, yara, baƙo, maƙwabci, har mai kawo saƙo. Kuma ba sai an sanar da shi ba. Ya isa a ce ya sani ko ya kamata ya sani. Wannan "ya kamata" shi ne ke kama masu gidan da ke nesa. Doka ta ba ka damar shiga ka duba gidanka in ka ba da sanarwar awa 24 a rubuce. In shekara uku ta wuce ba wanda ya leƙa a madadinka, alƙali zai tambaye ka me ya hana. Tun Maris na 2019 kuma akwai ƙarin doka da ta ce dole gidan haya ya cancanci zaman ɗan'adam daga farkon haya har ƙarshenta, wadda ta kama danshi da fumfuna ko da ba abin da ya karye.

Batun mai gyaran fa? Lauyan ya tambayi abu uku: yana da takardar sana'a, yana da inshorar alhaki ta kansa, wato mai biyan diyya in aikinsa ya jawo wa wani ɓarna ko rauni, akwai rasit? Babu ko ɗaya. Ana iya jawo shi cikin ƙarar a ce ya ɗauki kasonsa, doka ta 1978 ta ba da wannan dama, amma me za ka tatsa daga mutumin da dukiyarsa akwatin kayan aiki ce? Araha ba ta ado.

Muka koma kan inshorar gini, wadda Kawu ya kafa wa rai. Mai wa'adi yana da haƙƙi, a ƙarƙashin dokar 1985, ya nemi taƙaitaccen bayanin inshorar ginin a rubuce, a ba shi cikin kwana 21, yana kuma iya neman ganin cikakkiyar takardar. Tun ƙarshen 2023 ma hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta wajabta a riƙa bayyana wa masu wa'adi abin da inshorar ta ƙunsa, har da ladan dillali. Muka nema, aka turo. Irin wannan takarda kashi biyu ce. Kashi na farko ɓarnar da ta sami gini: gobara, guguwa, fashewar bututu. Kashi na biyu alhaki, wato in wani ya ji ciwo ya kai ƙara. A kashi na farko sunan Kawu yana ciki a matsayin mai ruwa da tsaki, kuma lallai sun biya gyaran silin na maƙwabcin ƙasa da ruwan ya ɓata, bayan an cire kason farko da mai gida kan biya daga aljihunsa. Falankin da ya ruɓe kuwa sun ƙi, domin kusan kowace inshora tana cire ruɓewa da ɓarnar da ta faru sannu a hankali. A kashi na biyu sunaye biyu ne kacal: kamfanin da ke da gini, da kamfanin da ke kula da shi. Amsarsu layi huɗu ce, mai ladabi, ma'anarta ba mu san ka ba.

Ba kowace inshorar gini ce haka ba, kuma wannan ne ya sa mutane ke ruɗewa. Wata tana rufe masu wa'adi duka, wata tana rufe wanda ke zaune a filat ɗinsa kaɗai, wata tana rufe mai ba da haya in an sanar da ita tun farko. Abokinka zai rantse maka tasu ta biya, kuma gaskiya ya faɗa; ba ta zama hujja a kan taka ba. Abin da za ka rubuta wa kamfanin kula da gini tambaya ce kai tsaye: shin sashen alhaki ya ambace ni a matsayin wanda aka yi wa inshora, ya shafi raunin da aka ji a cikin filat ɗina ba a matakala kaɗai ba, kuma yana aiki alhali 'yan haya ne a ciki? Ka ce su nuna maka shafin da sakin layin. Amsar waya ba amsa ba ce.

A wannan bincike ne wani abu ya sake fitowa. Takardar wa'adin Kawu ta ce sai ya sanar da mai gini a rubuce kafin ya sa ɗan haya. Bai taɓa karanta wannan shafin ba. A littafin dillalin inshora, har ranar, filat ɗin mai shi ne ke zaune a ciki. Ko da sashen alhakin ya ambaci masu wa'adi, da an sami abin riƙewa a kansa. Wanda ke da bashin banki a kan gidan shi ma sai ya nemi izinin bankin. Takardar wa'adin ce kuma ta raba gardamar wane ne ke da daɓen: falanki da leda da duk bututun da filat ɗin kaɗai ke amfani da shi na mai wa'adi ne, azara da bututun da ya ratsa ginin na mai gini ne. Yoyon a bututunsa, ruɓewar a falankinsa. Ba inda za a karkata.

Yana da wata tsohuwar inshorar kayan ɗaki tun yana zaune a ciki. Ta daɗe da ƙarewa, kuma ko tana nan da ba ta yi amfani ba, domin irinta tana kare ka ne a matsayin mazaunin gida, ba mai karɓar haya ba. Ya tambaye ni ko za a iya yin sabuwa yanzu a tura musu wasiƙar. Ba a yi. Inshorar alhaki irin ta masu gida tana bin ranar da aka ji ciwon ne. Wadda ke aiki a ranar ita ke biya, ko da ƙarar ta zo bayan shekaru. Kuma takan zo a makare. Dokar 1980 ta ba babba shekara uku ya shigar da ƙarar rauni, yaro kuwa agogonsa ba ya fara tafiya sai ya cika 18, wato yana da dama har ranar da ya cika 21. Shi ya sa ba a zubar da tsofaffin takardun inshora, ko an sayar da gidan.

Akwai abin da ya fi ba ni tausayi. Daren da abin ya faru, da mijin ya kira daga asibiti, Kawu ya aika saƙon murya. Ya jajanta, ya yi mata addu'a, sannan ya ce laifinsa ne, ya san da yoyon, zai ɗauki nauyin komai. Duk wanda ya tashi a gidan mutunci abin da zai faɗa kenan. Lauyoyin matar suka rubuta shi kalma da kalma a shafi na biyu na wasiƙarsu. Dokar Ingila ta 2006 ta ce ba da haƙuri ko tayin kai mutum magani, shi kaɗai, ba amsa laifi ba ne, don haka jaje ba ya cutar da kowa, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙi yi ba. Amma "na san da yoyon" ba jaje ba ne, shaida ce. Mai inshora ma sai ya kiyaye, domin kusan kowace takarda tana da sharaɗin kada ka amsa laifi, kada ka yi alkawarin biya, ka sanar da kamfani da zarar abu ya faru ko da ba a kai ƙara ba, kuma in wasiƙar lauya ta zo ka tura musu ita ba tare da ka amsa da kanka ba. Na ga wanda yake da inshora mai kyau amma ya shiga rigima da kamfaninsa don ya ajiye wasiƙa wata biyu a kan firji.

Daga nan sai lissafi. Ƙa'idar da ake bi kafin a shiga kotu ta ba wanda ake ƙara kwana 21 ya nuna wasiƙa ta iso, sannan wata uku ya bincika ya ce ya amsa ko ya musanta. Da da inshora, kamfani ne zai yi duk wannan da lauyoyinsa. Kawu shi ya biya lauya, da awa. Diyyar kanta ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai kuɗin zafi da wahala, wanda ake aunawa da littafin jagora na alƙalai bisa rahoton likita. Akwai albashin watannin da ba ta yi aiki ba, da ragin da za ta yi nan gaba tun da ƙafar ba ta jure tsayuwa kamar da. Akwai kuɗin gashin ƙashi, da na mota zuwa asibiti, har da ladan jinyar da mijinta ya yi mata a gida. Sannan abin da Kawu bai taɓa ji ba: asibitin gwamnati kyauta ne ga majinyaci, amma in aka biya diyya, hukuma tana bin wanda ya biya kuɗin motar asibiti da na kwanakin jinya, da tallafin da aka ba mai raunin saboda ciwon. A saman duka, kuɗin lauyoyinta.

Ya ce mu yi shari'a, ai ita ma ta san wurin yana lotsawa ta taka. Wannan magana tana da gindi, dokar 1945 ta yarda a rage diyya gwargwadon sakacin mai rauni, kuma an rage wani abu saboda haka. Amma banɗaki ɗaya ne a gidan, ina za ta yi wanka? Lauyan ya kuma nuna masa wani abu da ya kashe masa jiki. Tun Afrilun 2013, a ƙarar rauni, in mai ƙara ya faɗi galibi ba ya biyan kuɗin lauyan wanda aka kai ƙara, sai in an kama shi da ƙarya muraran. Ita lauyoyinta ba sa karɓar ko kwabo sai an ci. Wato ko Kawu ya yi nasara, kuɗin lauyansa ya tafi. In ya faɗi, ya biya na ɓangare biyu. Wannan ne dalilin da ya sa nake gaya wa masu gida cewa rabin amfanin inshorar alhaki ba diyya ba ce, kuɗin kare kai ne daga ƙarar da ma ba ka da laifi a ciki.

Misalin haka yana cikin tarihin kotunan Ingila. A 2010, a garin Runcorn, wani ɗan haya ya fito zubar da shara ya yi tuntuɓe da dutsen daɓe da ya tashi a hanyar da ke gaban ginin. Bai kai mai gini ƙara ba, mai wa'adin da ya ba shi haya ya kai, mutumin da ba shi da ikon taɓa wannan hanya kuma ba wanda ya taɓa gaya masa dutsen ya tashi. Kotun farko ta ba ɗan hayar fam 3,750. Ta biyu ta soke. Kotun ɗaukaka ƙara ta maido. Sai a 2016 Kotun Ƙoli ta wanke mai wa'adin, ta ce hanyar ba ta cikin abin da sashe na 11 ya ɗora masa, kuma ko tana ciki sai an sanar da shi. Kotu huɗu, shekara shida, a kan fam 3,750. A ƙa'ida matakala, lif, fitilar baranda da farfajiya suna wuyan wanda ke riƙe da su, bisa dokar 1957, kuma a nan inshorar gini take aiki. Amma lauyan mai rauni kowa yake rubuta wa wasiƙa, ya bar su su rabe a tsakaninsu. In ɗan hayarka ya gaya maka fitilar matakala ta mutu ko ƙarfen riƙo yana girgiza, tura wa kamfanin kula da gini a rubuce ranar, ka ajiye kwafi.

An sasanta ba a je gaban alƙali ba. Lauyan ya yi tayi a rubuce irin wanda ake bari a buɗe kwana 21, wanda in mai ƙara ya ƙi kuma bai sami fiye da shi a kotu ba, kuɗin shari'ar daga nan ya koma kansa. Suka ja, muka ja, aka haɗu. Da aka tara diyya, da kuɗin asibiti, da lauyoyi biyu, da sabon daɓe, abin ya tasam ma hayar shekara huɗu. Kawu ya sayar da wani fili a gida ya cika. Da bai biya ba, hukuncin kotu zai zauna a rajista shekara shida, kuma ana iya ɗaura bashin a kan filat ɗin, ba a sayarwa sai an cire.

Kafin a sa sabon ɗan haya muka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Inshorar mai ba da haya ta filat ba ta haɗa da ginin, tun da an riga an yi masa. Kayan da ke cikin filat take rufewa, kafet, labule, firji, tare da alhakin mai gida, wanda galibi ake sayarwa a kan fam miliyan 2 ko miliyan 5. Na ce ya ɗauki na 5. Bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma ba karaya ake tsoro ba, raunin kai ko na laka ake tsoro, wanda za a yi jinyarsa har ƙarshen rai. Muka duba ko kuɗin lauya a cikin wannan adadi yake ko a kansa. Muka gaya wa dillali gaskiya a kan komai: mai gidan a Najeriya yake zaune, abin da kamfanoni da yawa ba sa karɓa sam, an taɓa kai ƙararsa, 'yan hayan ma'aikata ne, ba ɗalibai ba, ba masu kwana biyu su tafi ba. Duk abin da ka ɓoye a nan shi za a tono ranar da kake buƙata, a rage abin da za a biya ko a soke takardar. Akwai sharaɗin gidan da ya zauna ba kowa, galibi daga kwana 30, sai an sanar. Kada kuma a ruɗe da inshorar da ke biyan haya in ɗan haya ya ƙi biya, ko mai biyan lauyan korar ɗan haya. Ba ɗayansu da ke biyan diyyar rauni. Duk da tarihinsa, kuɗin shekara bai kai hayar mako biyu ba.

Kamfanin ya kafa nasa sharuɗɗan, waɗanda dama doka ce. A duba gas kowace shekara ta hannun injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, a ba ɗan haya takardar cikin kwana 28. A duba wayoyin lantarki duk shekara biyar, abin da aka ce a gyara a gyara cikin kwana 28. Na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, da ta jin iskar guba a ɗakin da tukunyar ɗumama gida take, wadda ta zama dole har ga mai gas tun Oktoban 2022. Kujeru da katifu masu alamar jure wuta. Ƙofar shiga filat kuwa, tun bayan gobarar 2017 a Grenfell, wani dogon benen filat-filat a Landan, da ta ci rai 72, ba a wasa da ita. Kada ɗan haya ya cire ƙarfen da ke rufe ta da kanta don tana bugawa.

Ya ɗan yi nauyin zuciya a kan inshorar, kamar yadda dattawanmu da yawa suke yi, ya ce zai tambayi malaminsa, na ce ya kyauta. Da muka sake magana shi ya kawo zancen aƙila, dangin da a fiƙihu suke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure don kada ta karya mutum ɗaya. Ya ce, "Ni a can ba ni da aƙila, ɗana. Fili na sayar." Ya ce in biya.

Yanzu wani ejan yana shiga filat ɗin duk wata shida, da sanarwar awa 24. An canza allon gefen kwamin da mai buɗewa ba sai da sukuru ba. Rahoton yakan zo da hotuna da yawa, na kicin, na taga, na mita, amma Kawu ba ya buɗe su. Kira yake ya ce, "Ina na ƙarƙashin kwami?" Wancan karon ejan ya manta bai ɗauka ba, sai da ya koma washegari.